Na kai shafi na 41 ba su furta so ba, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a harkar rubutu. Ina rubuta littafin soyayya da nake saki shafi-shafi a WhatsApp, kuma yau kwana uku ke nan na kasa ƙara ko layi ɗaya. Jarumata ruwa biyu ce, mahaifinta ɗan Lebanon ne daga zuriyar 'yan kasuwar da suka zauna a Kano bayan isowar layin dogo a 1911, mahaifiyarta kuwa Bahaushiya ce 'yar Fagge. Na san wannan rayuwa ta hanyar ƙawata da muka taso tare, wadda dangin uwa ke kira Balarabiya ko da tana tsugune tana tuƙa tuwo, in kuma ta je wajen dangin uba ba ta jin Larabcin da ake yi a kanta, sai dai ta ga idanu sun juyo. Ta taɓa gaya mini cewa duk saurayin da ya yi sallama da ita, hasken fatarta yake fara yabawa kafin ya tambayi sunanta. Shi ya sa jarumata ba ta saurin yarda da kowa, ga shi masu karatu sun fara ficewa daga zauren WhatsApp ɗin. Me zan yi?

Anti, tsohuwar marubuciya: Ƙanwata, gaskiya ɗaya ce. Mai karatun da ya biya kuɗinsa ba zai jira shafi 41 babu kalmar so ba. Ki sa saurayin ya furta a shafi na gaba, a kai kuɗin gaisuwa, sannan rigimar dangi ta biyo baya.

Wata daga Zariya: Ni dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kowace jaruma sai an ce fara ce sol, mai gashi har gadon baya. Ƙanwata ta lalata fuskarta da man bilicin saboda irin waɗannan littattafai, har yau muna jinyarta.

Mai tambaya: Allah ya ba ta lafiya, Yaya, amma ai wannan ɗabi'ar nake yaƙi da ita.

Wani malami: 'Yar uwa, ba ki gaya mana ko wane ne saurayin ba, kuma a nan matsalar take. Jan labari yana daɗi ne idan kowane shafi ya matsar da su kusa, ko da ta hanyar rakiyar mahaifiyarta asibiti ne. Sannan ki duba wannan: dokar zama ɗan ƙasa ta Lebanon ta 1925 ta ba uba kaɗai ikon gadar wa 'ya'yansa ƙasar, yayin da sashe na 25 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya amince da ɓangaren uwa ko na uba. Da uwar ce 'yar Lebanon, da kin samu yarinyar da ƙasar mahaifiyarta ba ta san da zamanta ba.

Anti: Malam, masu karatunmu ba doka suka zo karantawa ba. Na ga marubuta da yawa da suka ja labari har zaurensu ya watse. Ni kaina an sace littafina na kuɗi an baza shi kyauta tun ban kammala ba, saboda na tsaya jan rai.

Mai tambaya: Na gode, Malam, amma ba zan iya sauya iyayenta yanzu ba, domin tun shafi na 6 na nuna shagon mahaifinta a Kantin Kwari. Anti, ki yi haƙuri, idan ya furta yanzu zai zama ɗaya daga cikin samarin da take gudu.

Anti: To, ƙanwata, mutum nawa suka rage a zauren naki?