Juyen baƙin mai a gida: Corolla 2005

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in yi wa Corolla 2005 juye da kaina. Wane mai zan zuba, kuma lita nawa take sha?

Bakanike: Wa alaikumussalam. 5W-30 za ka saya, kusan lita 4. Ka tada injin na minti 5 man ya yi ɗumi, ka kashe, ka kwance notin juye mai na ƙasan injin da sifana mai lamba 14. Bari ya tsiyaye ƙarƙaf. Ka sa sabuwar washa, tsohuwa yoyo take kawowa. Kada ka matse notin fiye da kima, haƙoransa za su cinye.

Malam Direba: Malam, kada ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, ka tokare ta da ƙarfe. Sabuwar filta kuma, ka shafa wa robarta mai, ka ɗaure da hannu. Ka tabbata tsohuwar robar ta fito, in suka haɗu biyu man zai tsiyaye a hanya.

Bakanike: Ka fara da lita uku da rabi, ka tada, ka kashe, ka jira, ka duba geji, wato sandar auna baƙin mai, sannan ka cike. In ya wuce layin sama, kumfa yake yi.