Zuma ba ta sa ƙiba? Gardamar 'yan adashin Aboabo

Uwar Adashi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Zubin wannan makon saura mutum biyu, sun san kansu. Sai kuma maganar da aka fara jiya a gidan suna aka bar ta a rataye. Mai Atamfa ta ce zuma ba ta sa ƙiba, ragewa ma take yi, Anti Nas ta ce sam. Ga fili ga mai doki, amma don Allah ban da gori.

Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Ni har yanzu ina kan bakana. Tun bayan ƙaramar Sallah ban ƙara taɓa sukari ba. Da asuba ruwan ɗumi da lemun tsami da zuma babban cokali ɗaya, shayin safe da zuma, na dare da zuma. In kwaɗayin zaƙi ya taso min a shago, dabino nake jefawa. Kuma wallahi ina jin jikina wasai.

Amarya: Yaya, kin hau sikeli kuwa?

Mai Atamfa: Na hau. Wai na ƙaru da kilo 2. Amma wannan laifin zumar ne, cuta ta aka yi, sukari aka dafa aka ɗura min a kwalba. Yanzu na sa a kawo min ta gaske daga wajen Tamale, da saƙarta ma.

Anti Nas: Yaya, ko da kanki kika hau bishiya kika ɗebo ta ƙudan zuma na harbin ki, lissafin bai canza ba. Zuma kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, saura yawanci ruwa. Babban cokali ɗaya yana da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 64. A da cokalin shayi nawa na sukari kike sawa?

Mai Atamfa: Biyu.

Anti Nas: To biyun nan kalori 32 ke nan, don kowane ɗaya giram 4 ne, kalori 16. Kin cire 32 kin mayar da 64. An gudu ba a tsira ba. Kuma kin ƙaro na asuba wanda da can babu shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce kada sukarin da ake ƙara wa abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini, wato wajen giram 50 ga babba, in an koma giram 25 ya fi. A cikin lissafinsu har da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, ba su ware ta ba. Cokulanki uku sun riga sun cinye giram 50 ɗin kafin ki taɓa koko.

Malama: Anti Nas, ina girmama karatunki, amma a yi hattara da harshe. Allah Ya ce a cikin Suratun Nahli, aya ta 69, a cikin zuma akwai waraka ga mutane. Ba zai yiwu a jera ta sahu ɗaya da farin sukarin masana'anta ba.

Anti Nas: Malama, ban musa ayar ba, astagfirullah. Ni da kaina in tari ya kama yarana zuma nake ba su, in dai yaro ya wuce shekara ɗaya, don jariri ba a ba shi. Amma waraka daban, rage tumbi daban. Wane magani ne ake sha da ludayi safe, rana, dare har wata uku?

Malama: Wannan kam kin yi gaskiya, ayar ba ta ce a sha babu awo ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ma ya raba cikin mutum kashi uku: kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce daidai suke da sukari. Wanda ya saba da zuma bakinsa ba ya neman zaƙi kamar mai shan sukari, na gani a gidana.

Anti Nas: Ta fi sukari zaƙi a baki, shi ya sa wasu kaɗan ke isar su. In haka ta faru a gidanki, madalla. A gidan Yaya ba haka ta faru ba, sikeli ya ba da shaida.

Hajiya Mai Koko: Ku bar ni in shigo, ni da nake tsaye a kan tukunya tun kafin kiran sallar asuba. Duk wannan faɗan na zuma da sukari, ɓarawon yana gefe yana dariya. Mace za ta zo ta ce min, Hajiya, kar ki sa min sukari, ina rage jiki. In ce to. Sai ta ce a zuba madara, a watsa gyaɗa, ƙosai na sidi biyar, a haɗa da fanke biyu na yara. Yaran nan kuwa suna makaranta, ni na ga wucewarsu da jakunkuna. Wata kuma in sa mata cokali ɗaya, ta ɗanɗana, ta yatsine fuska, ta miƙo kofin ba ta ce komai ba. In ƙara. Ta kaɗa kai. In ƙara na uku. Gobe in ka tambaye ta, za ta rantse ita ba mai shan zaƙi ba ce.

Amarya: Hajiya, kin tona mana asiri. Ni ce ta fanken yara.

Hajiya Mai Koko: Ban kira suna ba, 'yata.

Maman 'Yan Biyu: Ni tambayata ga Mai Atamfa ce, tunda shagona yana kallon nata a kasuwar Kejetia ta Kumasi. Yaya, dabino nawa kike jefawa? Don ledar nan da kike ajiyewa ƙarƙashin benci, ranar Litinin cike na gan ta, ranar Alhamis kina karkaɗe ta.

Mai Atamfa: Ke dai Allah Ya shirye ki. Ba ni kaɗai nake ci ba, masu ciniki ma ina miƙa musu. Kuma ku da ba ku zaman kasuwa ba za ku gane ba. Ƙarfe bakwai na fito, ba na son cin abu mai nauyi don kar barci ya ɗauke ni. Da rana ciniki ya hana ni tashi. Da an yi la'asar sai in ji jikina na rawa, idona na neman abu mai sanyi mai zaƙi. Daidai lokacin mai burkina za ta wuce da kula a kai, kwalaben na naso, geron ya kwanta a ƙasa madarar a sama. Bayanta mai sobolo, wato zoɓo. Bayanta yaron mai sayar da yogot ɗin FanYogo yana matsa ƙahonsa. In na kau da kai daga su duka uku na ci dabino biyar, ai na yi jihadi.

Anti Nas: Yawwa, yanzu muka zo inda maganar take. Wannan rawar jikin ta la'asar yunwa ce, Yaya, ba son zuciya ba. Kin wuni a kan shayi da burodi. Jikin da aka bari da yunwa abin da zai ba shi ƙarfi nan take yake nema, shi ne zaƙi. Ki ci abinci na gaske da rana, ko wace, wato shinkafa da wake, da ƙwai da ganye, ko tuwo da miyar ayoyo, a rage tuwon a ƙara miyar da kifi. Wake, ƙwai, kifi, wagashi, su ne ke zama a ciki. Dabino ba laifi ba ne, yana da ɓawo da tauri, ya fi alawa nesa ba kusa ba, amma busasshe wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Ki ƙirga uku ki sa a aljihun jaka, ledar ta kwana a gida. Abin da ke ƙarƙashin benci hannu zai kai gare shi ko ba a aike shi ba.

Mai Atamfa: In ci tuwo da rana in rage jiki? Wannan karatun naku na asibiti wani lokacin sai a hankali.

Autar Gida: Anti, ni na huta da duk wannan. Ƙwayoyin zaƙin nan na masu ciwon sukari nake jefawa a shayi, babu kalori ko ɗaya. Lemun kwalba kuma tun da gwamnati ta ɗora musu harajin kashi 20 cikin 100 a 2023 na koma sobolo, na gida, ba sinadari.

Hajiya Mai Koko: Auta, kin taɓa tsayawa inda ake haɗa sobolon sayarwa? Zoɓo tsami ne da shi, ba ya shayuwa sai an danne shi. Da kofi ake zuba sukarin, ba da cokali ba, a juya a ɗanɗana a ƙara. Na kwalbar kamfani ko banza an rubuta a jikinsa.

Anti Nas: An rubuta kam: Coca-Cola ƙaramar kwalba ta mililita 300 tana da wajen cokalin shayi 8. Na sobolo babu mai gaya miki. Ki dafa naki da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ki riƙa janye sukarin kaɗan-kaɗan, harshe yana sabawa. Ƙwayoyin kuma, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da su don rage ƙiba. Ba ta haɗa da masu ciwon sukari a wannan shawarar ba, su sai abin da likitansu ya ce.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai a rage a hankali. Bara da na sauke kilo huɗu, uwar mijina kiran ɗanta ta yi gefe tana tambayar ko ba ya ba ni kuɗin cefane.

Malama: To Mai Atamfa, me kika ce? Ni na tsaya a tsakiya: zuma ta fi sukari daraja, amma da awo.

Mai Atamfa: Ban sauka ba. Ta Tamalen tana hanya, na riga na biya. Zan cire ta shayin dare, in ci abincin rana kamar yadda Anti ta ce, ledar dabino ta zauna a gida. Amma ta asuba da lemun tsami ba mai raba ni da ita. Bayan wata ɗaya mu je wajen mai sikelin bakin tasha ni da Maman 'Yan Biyu, ta karanta da idonta.

Anti Nas: In kin sauka, abincin rana da ledar da aka bari a gida ne suka yi aikin.

Mai Atamfa: In na sauka, zuma ce.

Uwar Adashi: Ku dai je ku dawo. Mutum biyun nan har yanzu ban ga saƙonku ba. Kuma bikin ranar Lahadi a Asawase, kwalba 60 na burkina aka rubuta da sunan ƙungiya, wa za ta karɓo?

Mai Atamfa: Ni zan karɓo, a kan hanyata take.