Abin da masana suka ce kan cunkoso da kuɗin gyaran makarantu

Tsofaffin hedimastoci da masu duba makarantu sun tuna cewa tsarin ilimin Najeriya ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ajin da ya ninka haka, a raba shi biyu, 'yan safe da 'yan rana, kafin a samu gini.

Maganar kuɗi ce ta fi zafi. Tallafin UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, ba ya fita sai jiha ta ajiye nata kason, shi ya sa yake kwana a Abuja. Shawararsu ita ce kwamitin SBMC, wato na al'umma mai kula da makaranta, ya nemi takardar kwangilar gyara, ya ƙirga benci da kwano da kansa, kada hedimasta ya sa hannu aiki bai kammala ba. Rufi kuwa a gyara shi kafin damina, don yoyo ke ruɓar da katako.