Tarkon faɗa-wuta da hoton kusa: abin da masu gwani suka ce

Kusan kowa ya yarda cewa sabon shiga bai kamata ya yi gaggawar sayen tarkon faɗa-wuta, wato akwati mai fitila da ke jawo su da dare, ba. Farin zane da fitila mai hasken UV (hasken da idon mutum ba ya gani amma yana jawo ƙwari) sun isa a fara. Dare mai ɗumi, da gajimare, babu iska, shi ne daren kamu. Farin wata kuwa kishiyar fitila ne.

In ka koma ga tarkon akwati, ka zuba kwalayen ƙwai a ciki don ƙwarin su sami wurin maƙalewa. Ka duba da asuba, kafin tsuntsaye su riga ka, sannan ka saki ƙwarin cikin ciyayi masu duhu. Kada ka kunna kowane dare a wuri guda, su ma suna bukatar ci da barbara.

Wajen hoto aka ɗan yi saɓani. Wasu sun ce sai da filasha, an lulluɓe ta da abu fari don haske ya yi laushi, a saita faɗin ƙofar hasken kyamara tsakanin f/8 da f/11. Wasu suka ce hasken safiya ya wadatar, tunda sanyi yana sa su natsu. Ni na fi karkata ga na biyun. Ko ta yaya, a sa idon ƙwaron ya fito tar, a ɗauka ta sama da ta gefe don gane jinsinsa.