Koya Wa Yara Godiya A Lokacin Kirsimeti

Uwar Biyu: 'Yan'uwa cikin Almasihu, yarana sun fi ɗokin kyauta a kan tunawa da haihuwar Mai Ceto. Yaya zan koya musu godiya ba tare da na rage musu murna ba?

Dattijo: 'Yata, ki karanta musu Luka 17, inda Yesu ya warkar da kutare goma, amma Basamariye ɗaya ne kaɗai ya komo ya gode, sa'an nan ki tambaye su abin da ya hana sauran dawowa.

Malamar Lahadi: Gaskiya ne, Baba, sai dai karatu kaɗai bai isa ba. Ki bar kowannensu ya zaɓi tufa cikin nasa, ya kai wa maraya da hannunsa.