Kada mu kira sukuba kurme: ga sunayen da nake ba da shawara

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu kishin harshe. Na dawo daga hutu a Zanzibar, inda na yi kwanaki ina shiga teku a gefen tsibirin Mnemba, daga baya na yi kwas na koyon abin da ake kira sukuba, wato shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska a baya. Da na zauna ba mahaifiyata labari sai na ce mata na yi kurme. Ta ce, na tsawon yaya? Na ce kusan minti 40. Ta dube ni ta ce, ɗan Adam ba ya kurme na minti 40. Gaskiyarta. Kalmar ce na ɗauka ba a muhallinta ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku, ga kuma amsata kan shawarwarin da wasunku suka bayar.

Abubuwa ne daban-daban muke tarawa a suna ɗaya. Na farko shi ne wanda Turawa ke kira sinokil. Mutum zai sa gilashin fuska, ya ciji wani gajeren bututu mai lanƙwasa, ya kifa cikinsa a saman ruwa. Fuskarsa na cikin ruwa, bakin bututun na waje, yana numfashi yana kallon kifaye da duwatsun murjani a ƙasansa. Bai nutse ba, bayansa ma rana na dukansa. Asalin kalmar Jamusanci ce, da ita ake kiran bututun da jiragen yaƙin Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa suke zuƙo iska da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ni dai na ce mu kira wannan iyon leƙe, don iyo ne kawai, kuma leƙen abin da ke ƙasa ya kai mutum.

Yaya, na ga kin ce iyon bututu ya fi fito da kayan aikin. Haka ne, ban ƙi ba. Sai dai wanda bai taɓa gani ba zai iya zaton a cikin bututu ake iyon. Bututun kansa mu ce masa bututun leƙe, kin ga naki ya shigo ke nan.

Inda na fi damuwa shi ne sukuba. Ita ba kalma ba ce tun asali, haruffan farko ne na kalmomin Turanci biyar, ma'anarsu na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa wadda mutum ke ɗauke da abarsa, ba a jona shi da kowa a sama ba. Irin wadda ta yaɗu a duniya Faransawa biyu ne suka ƙera ta a 1943, Jacques Cousteau da Émile Gagnan.

Mutane da yawa a nan sun ce a bar shi a kurme, tunda muna da kalmar. Don Allah a'a. Duk Bahaushen da ya ji kurme ya san cika ƙirji ake yi da iska a riƙe numfashi. A sukuba kuwa dokar farko da malaminmu ya nanata mana, tun muna ruwan da bai wuce ƙirji ba, ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Dalili shi ne, kowace mita 10 da ka sauka a teku, nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu. Iskar da ka shaƙa a zurfin mita 10 a matse take, idan ka taso da ita sama sai ta ninka girmanta biyu. Mai kurme da iskar sama ya sauka, da ita zai dawo, huhunsa ba zai kumbura fiye da yadda ya cika shi ba. Amma wanda ya shaƙa daga tukunya a can ƙasa, ya rufe maƙogwaro ya taso, yana iya fasa huhunsa, ko da ruwan ba shi da zurfi sosai. To yaya za mu ba abu sunan da ke koya wa mutum ya yi ainihin abin da zai hallaka shi? Kurme ya tsaya a wurinsa, na masu sauka da numfashi ɗaya, su ma suna da fanninsu da gasarsu a duniya.

Shawarata ita ce nutson goyo. Nutso ne na gangan, kuma iskarka a goye take a bayanka, ka ɗaure ta da maɗauri, duk inda ka juya tana tare da kai. Mai yi kuma mai nutson goyo.

Ranka ya daɗe Malam, na karanta gyaranka cewa nutso ya yi kusa da nutsewa, kada a tsorata masu son koyo. Na gode ƙwarai. Amma a kunnena Hausa ta riga ta raba su: wane ya yi nutso, da niyyarsa ya shiga kuma zai fito, wane ya nutse, sai addu'a. Nutson tukunya da ka kawo ma ya zauna a baki, illa dai goyo ya fi nuna cewa a jikin mutum take.

Tunda an ambaci tukunya, a daina ce mata tukunyar oksijin. Iska ce irin wadda muke shaƙa yanzu, kusan kashi 21 cikin 100 ne oksijin, mafi yawan sauran naitirojin, an dai danƙara ta ne. Tsantsar oksijin guba take zama idan an wuce kamar mita 6. Naitirojin ɗin nan kuma shi ne ke taruwa a jiki, shi ya sa ake tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5, kuma ba a hawa jirgin sama sai an jira aƙalla awa 12 zuwa 18. Wanda ya tsara hutunsa a tsibiri ya ajiye ranar ƙarshe don zaman bakin teku. Sabon mai takardar shaidar sukuba iyakarsa zurfin mita 18. Sunan tukunyar iska ya wadatar.

Abin da ake sawa a ƙafa kowa ya yarda da ƙafar agwagwa, babu gardama.

Saura na'urar da ake cizawa a baki, mai rage ƙarfin iskar tukunya ta ba ka daidai lokacin da ka ja. Na so in ce mashaƙi, sai na ji ya yi kusa da mashaƙo, ciwon maƙogwaro. Na koma mazuƙi. Malam, kai da sauran dattawa, ko akwai wadda ta fi ta?