An fitar da littafina daga zauren biya tun ban kai rabinsa ba

Ummu Sultan ta rubuta:

Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina rubuta labarai ina saki a WhatsApp, amma sai a bana na fara na kuɗi. Na ba da shafi 10 kyauta, sannan na buɗe zaure na musamman ga duk wadda ta biya naira 500. Ban kai shafi na 30 ba sai ga wata ƙawata ta turo mini labarin an haɗe shi a fayil guda, an goge sunana da lambar asusuna, har wani yana karanta shi a YouTube da sunan da ba ni na raɗa masa ba. Shin in koma buga littafin takarda ne, ko akwai hanyar da magabata suke bi?

Dattijon Sabon Gari ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na daɗe ina sayar da littattafan Hausa a Kano, kuma takarda ba ta taɓa hana a karanta wa marubuci littafi a ɓagas ba. A shekarun 1990, lokacin da Adabin Kasuwar Kano, wato littattafan labaran soyayya da zamantakewa da ake sayarwa a kasuwa, yake tashe, kwafi ɗaya kan zaga gida goma, daga ɗakin amarya zuwa makarantar kwana, masu haya kuma su yi ta karɓar kuɗi a kansa har sai bangon ya yage an liƙe shi da salatif, alhali marubuciyar tana can tana sintiri wajen dillali a kan kuɗin littattafan da ya karɓa bashi. Abin da takarda ta fi waya da shi guda ne: duk inda littafin ya shiga, da sunan mai shi yake shiga. Ga tsadar ɗab'i a yanzu, ba zan ba ki shawarar ki zuba jarinki a can ba.

Maman Ilham ta amsa:

Ƙanwata, kusan kowaccenmu ta sha wannan ɗacin. Ki daina ajiye sunanki a saman shafi kaɗai, ki riƙa cusa shi a tsakiyar labari inda mai gogewa zai gaji da nema. YouTube kuwa yana da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, kuma a dokar Najeriya rubutu mallakin mai shi ne tun daga ranar da ya rubuta, ko da bai yi rajista ba. Saƙonninki masu ɗauke da kwanan wata su ne shaidarki.

Sai dai ki lura da abin da masu biya suke saye. Ba labarin kaɗai ba ne, zaman zauren ne: a ce ƙarfe takwas na dare shafi ya sauka, kafin minti biyar wata tana tsine wa kishiya, wata tana roƙonki da girman Allah kada ki kashe jarumin, wata kuma ta turo murya tana kuka. Mai fayil ɗin sata ba ta samun wannan. Illarsa dai, kuma ni ma ban tsira ba, ita ce mukan biye wa masu sharhi har labarin da ya kamata ya ƙare a shafi 40 ya kai 100.

Malam Sani Zariya ya amsa:

Ni abin da ya fi damuna shi ne ɓacewa. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafai a cikinta, ta rufe a ƙarshen 2023, waya kuwa takan faɗa ruwa ko a sace ta da littafi biyar a ciki. Malama, ki ajiye kwafi a imel ɗinki bayan kowane shafi. Ki kuma gwada Hikayata, gasar gajerun labarai da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016, domin ƙa'idar yawan kalmominta tana koya wa marubuciya tsuke zance, abin da zaure ba ya koyarwa.

Ummu Sultan ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya ƙara girma. Malam, na tura shafukan zuwa imel ɗina tun ɗazu. Anti Maman Ilham, na cike fom ɗin, amma mai tashar ya riga ya kira ni yana neman mu sasanta ya biya ni kuɗin karantawa. Nawa kuka saba karɓa a kan littafin da ba a kammala ba?